Na mayar da dpi daga 300 zuwa 72, me ya sa hoton bai rage nauyi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar cike wa mutane fom a intanet. Wani shafi ya ce kada hoton fasfo ya wuce KB 50, wanda ke hannuna kuma MB 4 ne. Na shiga manhajar gyaran hoto ta Photoshop na mayar da dpi daga 300 zuwa 72, na adana, amma nauyin bai motsa ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Lambar da ka taɓa ba ita ke ɗauke da nauyin ba, kuma mutane da yawa na faɗawa wannan rami.

Hoto a kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, ana kiransu fiksel. Wayar da kyamararta ke da megafiksel 12 takan ba da hoto mai fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsayi, wato ɗigo miliyan 12. Kowane ɗigo yana cin bait 3, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi (bait ƙaramin ma'aunin nauyin fayil ne: wajen dubu ke yin KB guda, wajen miliyan ke yin MB guda). Ka ga kusan MB 36 ke nan tun kafin a matse, tsarin JPEG ne ya matse shi ya dawo MB 4 ɗin da kake gani.

Shi kuwa dpi saƙo ne kawai zuwa ga firinta, yana faɗa mata ɗigo nawa za ta cusa a inci guda na takarda. A 300, faɗin hoton nan zai fito inci 13 da ɗoriya. A 72, zai baje ya kai inci 55 da rabi. Ɗigon dai suna nan miliyan 12, ko ɗaya bai fita ba. Tamkar ka goge rubutun da ke jikin buhun masara ne ka rubuta wani, ai buhun ba zai yi sauƙin ɗauka ba.

Abin da ya faru, a wurin canza girman hoto akwai wani ɗan akwati mai suna Resample, kuma naka a kashe yake. Kunna shi, ka mayar da ma'aunin zuwa fiksel, ka rubuta faɗin da kake so. A nan ne ake zubar da ɗigo da gaske. Kuma ragin yana da sauri fiye da yadda ake zato: idan ka raba faɗi da tsayi biyu, 2000 da 1500, saura miliyan 3, kashi ɗaya cikin huɗu. Ga hoton fasfo, fara yanke gefe-gefe a bar kai da kafaɗa, sannan ka sauko wajen 600 da 600, ko ƙasa da haka in shafin ya faɗi ma'auninsa.

Idan har yanzu ya haura KB 50, sai ka sassauta ingancin JPEG wajen adanawa, kaɗan-kaɗan, kana duban idanu da gefen hula ko ɗankwali, don a nan dusashewa ke fara bayyana. Kada ka adana shi a PNG, wannan tsari ba ya zubar da komai, don haka hoton fuska yakan yi nauyi a cikinsa. Za ka kuma lura wanda ya tsaya gaban farin bango da farar riga hotonsa ya fi sauƙi a kan mai atamfa gaban ganyaye, ko da fiksel ɗinsu ɗaya, saboda wuri mai launi guda ya fi matsuwa.

Roƙona gare ka, don Allah kada ka adana a kan asalin hoton mutane. Ba shi sabon suna. Ɗigon da aka zubar ba ya dawowa, in ka sake faɗaɗa shi manhaja ce za ta ƙirƙiro na cike gurbi, fuska ta fito dishi-dishi. Gobe mai hoton zai iya dawowa yana son a wanke masa mai inci 6 da 4, wanda a dpi 300 ke buƙatar fiksel 1800 da 1200, ƙaramin da ka tura wa shafin kuwa ba zai kai ba.