Amsa ga mai tambaya kan wufa inci 12 a ƙaramin akwati

Malam, da na karanta cewa wufarka, wato sifikar bes ta mota, mai inci 12 tana ta bugun "dum dum" babu zurfi tun da ka sa ta a ƙaramin akwati don ka samu sauran wuri a but ɗin motarka, sai na ji kamar labarina kake bayarwa.

Ni ma haka wani kafinta a nan Garwa ya yi mini. Takardar sifikar ta nuna lita 30 idan akwatin rufaffe ne, na kai masa, ya ce ya fi shekara goma yana wannan aiki, ba ya buƙatar takarda. Ya haɗa akwati mai santimita 35 da 35 da 25, ya rantse lita 30 ne. Ashe ta waje ya auna. Katakon kaurinsa milimita 18 ne, don haka cikin wajen lita 21 ne kawai, kuma idan aka cire wurin da maganaɗisun sifikar ya cinye, abin da ya rage bai kai 19 ba. Iskar da ke kulle a akwati tamkar sifirin take a bayan faifan sifika, kuma idan ta yi kaɗan sai ta yi tauri, faifan ya kasa kai da komowa sosai, bes mai zurfi ya ɓace. Ni kuwa da ban sani ba, sai na riƙa ƙara wa amfilifaya wuta.

Ranar rakiyar amaryar ƙanena, motata ce a gaba, muna kan gadar Binuwai, sai warin ƙonewar waya ya cika motar, sifikar ta yi ƙaraf ta yi shiru. Abokan ango sun yi mini dariya har gida. Da na koma wurin kafintan, ko haƙuri bai ba ni ba, wai ni ne ban iya kunna kiɗa ba. Har yau ba na bin layin shagonsa.

Amma kada haushi ya sa ka yi ƙaton akwati, domin idan ya wuce kima iskar ba ta riƙe faifan, sai ya riƙa dukan ƙarshensa har ya yage. Akwati mai bututun iska kuma ya fi ƙara, sai dai yakan nemi lita 50 zuwa 60, kuma tsawon bututun da lissafi ake yanka shi. Ka auna cikin akwatinka da kanka, ka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1000. Idan bai kai litar da takardar sifikar ta nuna ba amma gibin kaɗan ne, cusa audugar matashin kai tana taimakawa. Ka kuma bi kusurwoyin da gam, don nawa har iska yake fitarwa ta inda waya ta shiga.