Me ya ba ɗakin yoga kwarjini?

Tambaya: Anti, ina karatun jinya a Maisur, ƙasar Indiya. Ciwon baya ya sa na shiga ajin yoga, wato motsa jikin nan na miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi. A ƙofa ake tuɓe takalmi, ba mai ɗaga murya, malamar kuma sai ta kunna fitilar mai da turare kafin a fara. Me ya sa ɗakin yake da kwarjini kamar wurin ibada? Gaskiya hankalina bai kwanta ba.
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Abu biyu ne suka cakuɗe a ɗakin nan, kuma ya kamata ki raba su.

Na farko tsari ne, kuma ya daɗe. Littafin Hatha Yoga Pradipika, na ƙarni na 15, ya siffanta ɗakin mai yoga: ƙarami, a keɓe, ƙofa 'yar ƙarama, babu taga, daɓe sumul ba rami ba ƙwari, ga rijiya da katanga a waje. A ganina yawancin abin da kike ji daga nan yake fitowa. An ware wuri don aiki guda, an share shi tas, ana zuwansa a lokaci guda kullum, har jiki ya saba da natsuwa tun daga bakin ƙofa. Maisur ɗin da kike ma gidan abin ne, don a nan shahararren malamin yoga Krishnamacharya ya koyar a shekarun 1930 da ɗaurin gindin sarkin garin, kuma har yau ɗalibai kan yi sammako tun kafin gari ya waye.

Na biyu kuwa ibada ce ta mabiya addinin Hindu: fitila a gaban gunki, rera "Om", sauti mai tsarki a wurinsu, da addu'ar buɗewa ga Patanjali, malaminsu na zamanin da wanda ake jingina wa tsohon littafin yoga. Damuwarki tana kan hanya. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda irin waɗannan. A 2009 malaman Indonesiya suka hana mai haɗe da rere-reren ibada, suka bar wanda motsa jiki ne zalla.

Ki sami malamar cikin ladabi, ki gaya mata motsa jikin kaɗai kika zo yi, ko ki nemi ajin da ba a rera komai. A ɗakinki kuma ki ware kusurwa, ki shimfiɗa tabarma bayan sallar asuba, ki kashe waya. Amma likita ya fara duba bayan naki tukuna, kar ki tilasta masa lanƙwasa.