Amsa ga mai son aikin sa kai a asibitin yara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da kika ce ke ba nas ba ce, kuɗi ma ba ki da su, me za ki iya a asibitin yara, ai na gane abin da ke ranki. Tsoro kike kada ki je ki tsaya wa ma'aikata a hanya. Kwantar da hankalinki.

Ki leƙa asibitin yara na Hasiya Bayero a Kano, ko na Isyaka Rabi'u da ke titin gidan Zoo, musamman da damina da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Iyaye matan za ki duba. Za ki ga wadda ta taso daga ƙauye, goyo a baya, wani a gado ana masa ƙarin ruwa, babu mai karɓarta. Ki zauna bakin gadon, ki riƙe hannun yaron kada ya fizge allurar, ita ta je ta watsa ruwa ta yi sallah. Wallahi aikin ke nan. Wata an miƙa mata takarda, ba ta iya karatu ba, ba ta san ina ne ɗakin gwaji ba, ina ne wajen magani. Ki raka ta. Yaron da ya ɗan warware kuma, ki yi masa tatsuniya.

Amma don Allah kada ki taɓa ledar ruwa, kada ki ba yaro jiƙo ko wani abinci. Mai tamowa madararsa a aune take, ko kunu ne sai nas ta ce.

Abin da har yau yake ci min rai, wata ƙungiya da na gani da azumi a wani asibiti. Suka shigo da biskit da mai ɗaukar hoto, kan a ce me, fuskokin yara sun cika Facebook. Wa ya tambayi iyayen? Wata baiwar Allah har mayafi ta ja ta rufe ɗanta, ina kallo. Ko fo ɗaya ba su zubar ba suka fice. Ba wai na ce kada a kai kaya ba fa, a kai, sabulu ma ya fi biskit amfani. Hoton ne... to, a bar maganar.

Mazan da ke cikin gurup ɗin nan, ku naku jini ne. Masu sikila da yaran da zazzaɓi ya shanye wa jini, leda ɗaya ake nema ido rufe. In ka kai shekara 18, nauyinka ya kai kilo 50, kana da lafiya, za ka iya bayarwa duk wata uku.

Ke kuma ki fara zuwa wajen babbar nas ta ɗakin ki gabatar da kanki, ita za ta faɗa miki lokacin da aka fi buƙatar hannu.