Kan jitar da ka datse

Jiya muna naɗe wayoyi ka jefo mini tambaya, na ce ka bari in huce gajiya tukuna. Cewa ka yi, "Maigida, gasar nan in shiga ko in bari? Kuma kiɗan da raina ke so daban, wanda ake saye daban, wanne zan bi?" To ɗana, tun kafin ka buɗe baki hannunka ya riga ya amsa. Na duba aikin da ka bari a kwamfuta. Jitar nan da ke buɗe waƙar, wadda ka yi mako biyu kana fama da ita, ka datse ta, murya ta faɗo tun daƙiƙa ta uku.

Na san abin da ya kai ka. Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, ba ya lissafa cewa an saurari waƙa sai mai sauraro ya kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta da kaso a kuɗin da ake rabawa. Kowa na tsoron a tsallake shi kafin ya kai gaɓar.

Ban ce ka yi laifi ba. Kasuwa ta daɗe tana yanka wa waƙa riga. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti, ƙaramin da aka fi sa waƙoƙi a kai, fuska ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai, sai mawaƙa suka koyi faɗin abin da za su faɗa cikin wannan ɗan tsakani, har ya zama jiki. Bach, Bajamushen nan mai tsara kiɗa da ake ta kambamawa, ma'aikaci ne mai albashi. Ya kama aiki a Leipzig a 1723, kuma shekarunsa na farko kusan kowace Lahadi sai ya kawo sabon kiɗa coci, ko yana jin yi ko ba ya ji. Duk wanda ya ce maka kuɗi ne ke ɓata kiɗa, tambaye shi wa ke biya masa haya.

Tsorona a wani wuri yake, kuma ni ya fara cinyewa.

Zamanin faifan CD an yi wani yayi na ƙure ƙara. Kowane mai haɗa sauti so yake waƙarsa ta fi wadda aka sa kafin ita amo a rediyo. Ƙara kuwa tana da rufi, ba a wuce shi, saboda haka dabara ɗaya ce: ka matse sautin, ka danne wurin da ya ɗaga, ka ɗago wurin da ya yi ƙasa, har zanen sautin a allo ya koma kamar bulo, ba tudu ba kwari. Na ƙware a wannan, ana kawo mini aiki saboda shi. Wata rana wata mawaƙiya ta zo karɓar aikinta. Akwai baitin da ta sauke murya ƙasa-ƙasa, har kana jin ta ja numfashi kafin kalmar ƙarshe. Na ɗago shi daidai da amshi. Ta saurara sau biyu, ta cire abin kunne, ta ce, "Malam, ina numfashina ya tafi?" Na yi mata dogon bayani kan rediyo da kasuwa, ta biya ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Daga baya manhajojin sauraro suka fara daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu. Spotify yana kai su wajen -14 a ma'aunin ƙarar sauti da ake kira LUFS, wadda ta fi haka ƙara sai a sauke ta. Ka ga mun tashi ba tsuntsu ba tarko: ƙarar da muka yi faɗa a kai an ƙwace, numfashin da muka kashe bai dawo ba. Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Sai da na daɗe duk sautin da ba a matse ba ina jin sa kamar mara lafiya. Kunnena ya koma na kasuwa ban sani ba, ni kuwa da kunnen nake ci.

Gasa kuma, shiga. Tana sa maka rana, mai rana kuwa ba ya wasa da atisaye. Za ka san yadda yatsu ke rawa idan fitila ta haske ka, abin da ɗaki ba zai taɓa koya maka ba. Sai dai ka san me alƙalai ke iya aunawa. Kuskure ana ƙirga shi, sauri ana jin sa, tsabtar hannu ana ganin ta. Idan aka tara makin mutum goma aka raba, wanda bai ɓata wa kowa rai ba yakan wuce wanda rabi suka so shi ƙwarai rabi suka ƙi shi. A gasar piyano ta Chopin da ake yi a Warsaw duk shekara biyar, a 1980 aka fitar da Ivo Pogorelich kafin zagayen ƙarshe, ɗaya daga cikin alƙalan, Martha Argerich, ta ajiye alƙalancin don fushi. Dang Thai Son na Vietnam ne ya ci, kuma gwani ne na gaske. Wanda aka fitar ɗin ma duniya ta san shi. Sakamakon ya faɗi abin da ya faru a zauren a makonnin nan, iyakarsa ke nan.

Kada kuma ka ɗauka "kiɗa don kiɗa" ba shi da nasa ramin. Charles Ives a Amurka inshora yake sayarwa da rana, ya rubuta kiɗan da ransa ke so da dare, sai a 1947 aka ba shi kyautar Pulitzer kan aikin da ya yi shekaru da dama a ajiye. Mutane suna son wannan labari, suna manta cewa shi yana gama aikinsa. Na ga yara da yawa da suka fake da "ba a gane ni ba", alhali ba su taɓa kai waƙa ɗaya ƙarshe ba. Mai biya aƙalla yana tilasta maka ka gama.

Ni dai ga yadda nake yi tun bayan mawaƙiyar nan. Aikin mutane ina yi musu yadda suka nema, in faɗa musu gaskiya sau ɗaya idan na ga za a yi ɓarna, in sun nace in yi. Amma kowace safiya, kafin in kunna komai, ina ɗaukar jita awa guda, ba naɗi, ba wanda zai ji. A nan nake gane ko kunnen yana nan.

Gobe ka zo da wuri. Kada ka goge wadda ka datse, ka mayar da jitar a wani kwafi daban, mu kashe allo mu saurari duka biyun. In bayan haka ka zaɓi gajerar, zan sa hannu mu gama ta tare. Ka kuma taho da sabuwar tsirkiya, ta huɗun nan ta mutu tun makon jiya kana ta kaɗa ta haka.