Maganin rawar hannu ne ya ruɗa Baba?

Tambaya: Likita, mahaifina shekararsa 74, muna Aboabo a Kumasi. Yana da cutar Fakinsin. Da aka sa shi a kan Artane rawar hannu ta ragu, amma bakinsa na bushewa, yana ruɗewa, jiya ma da sunan ƙanwarsa ya kira ni. Cutar ce ta yi nisa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ni dai maganin zan fara tuhuma kafin cutar.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai sashen da ake kira sitirayatum, mai daidaita motsin jiki. Cikin ƙwayoyin jijiya ɗari da ke wurin, ɗaya ko biyu kacal ke fitar da sinadarin asetilkolin. 'Yan kaɗan ne, amma manya ne, rassansu sun bazu ko'ina, ba su kuma hutawa. Wani sinadari, dofamin, shi ne ke ja musu linzami. Fakinsin na kashe ƙwayoyin da ke kawo dofamin, sai linzami ya saki, asetilkolin ya rinjaya, jiki ya sandare. Artane na toshe aikin asetilkolin ne, hannu ya ɗan lafa.

Dabarar tsohuwa ce. Tun ƙarni na 19 wani likita mai suna Charcot yake ba masu cutar nan a Faris magani daga tsiron da ke dangi da zaƙami, haukata-yaro da muka sani. Sunan ma ya isa gargaɗi.

Matsalar, ƙwayar magani ba ta san hanyar sitirayatum kaɗai ba. Asetilkolin ɗin nan shi ke riƙe da tunawa da natsuwa, shi ke sa yawu, shi ke motsa hanji da mafitsara. Ƙwayoyin jijiyar da ke kai shi saman ƙwaƙwalwa su ne ke mutuwa a cutar mantuwa ta Alzaima, kuma sukan ragu ga mai Fakinsin da ya manyanta. Kin ga an rage wa Baba abin da dama ya yi masa ƙaranci. Shi ya sa ba na son Artane ga dattijo; lebodofa, maganin da jiki ke mayarwa dofamin, ta fi dacewa da shi.

Kada ku tsayar da Artane rana ɗaya, jiki zai iya ƙara sandarewa. Likita zai rage a hankali. Ku kai Baba sashen jijiya na asibitin Komfo Anokye cikin makon nan, da duk ƙwayoyinsa a leda, har na mura da na barci. In fitsari ya tsaya ko zazzaɓi ya shigo, ku tafi yau.