Abin da ke kai mu gidan tarihi a nan Ingila

Yaya, ka ce ka ga hotona ina zaune a tebur da Turawa a gidan tarihi, kana tambaya ko aiki na samu. A'a, ina nan wurin aikina. Gayyatarmu ake yi, mu 'yan Afirka mazauna nan, idan za a shirya baje kayan da suka fito daga ƙasashenmu.

A da, ma'aikacin gidan shi ke zaɓar kaya, ya rubuta bayani, jama'a su zo su karanta su wuce. Yanzu an fara sauya hannu. Gidan tarihin Manchesta, wanda ke ƙarƙashin jami'ar garin, da aka sake buɗe shi a Fabrairun 2023, ya zo da zauren Kudancin Asiya, kuma mutum 30 daga waje aka zauna da su aka tsara shi: malaman makaranta, mawaƙa, masu zane, 'yan jarida. A Landan ma, kafin gidan Horniman ya mayar wa Najeriya mallakar kayayyaki 72 a 2022, ciki har da tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897, sai da ya ji ta bakin 'yan Najeriya mazauna nan, har da yaran makaranta.

Masu zane kuwa nasu salon daban ne, ba sa yawan magana. A 1992 a Baltimo ta Amurka an ba Fred Wilson dama ya shiga ma'ajiyar wani gidan tarihi ya jera kayan yadda ya so. Sai ya ɗauko marin bayi ya ajiye tsakanin kwanukan azurfa na attajirai, a akwatin gilashi ɗaya. Marin da azurfar duk nasu ne, ba daga waje ya kawo su ba, amma wanda ya tsaya gaban akwatin nan ya san da gumin wa aka sayi azurfar.

To mu me muke kai musu? A wani zama aka fito mana da takarda, an rubuta a katinta cewa Larabci ce. Wani dattijo cikinmu ya gyara tabarau, ya soma karantawa, sai muka ji Hausa tsantsa. Ajami ce. Shekaru tana kwance da sunan da ba nata ba. Ma'aikaciyar ta san lambar takardar da shekarar da ta shigo, amma ba ta taɓa jin muryarta ba sai ranar.

Kada ka ɗauka komai zam-zam ne. Wani wurin sai sun gama yanke shawara su kira ka don a ce an tuntuɓi al'umma. Shi ya sa muka koyi tambaya tun a zaman farko: wa ke da maganar ƙarshe kan rubutun katin, za a biya mutane lokacinsu, kuma za a sa Hausar a bango ko sai fassararta kawai? Mu kanmu ba mu cika haɗa baki ba. Dattawa na son a nuna kayan da martaba, yaranmu da aka haifa nan kuwa so suke a rubuta ƙarara yadda aka yi kayan suka zo.

Akwai layi biyu a takardar nan da tawada ta dushe, dattijon ma ya kasa. Na turo maka hotonsu, don Allah ka nuna wa mai idon ajami kafin Asabar, ranar za mu koma.