Me ya sa rodin sito ya fi na ɗakin kwana kauri?

Jiya muna ɗaurin rodi ka ce da ni, "Maigida, ɗakunan nan biyu na sama girmansu ɗaya, yaya injiniya ya rubuta rodi mai kaurin milimita 12 a wannan, ya rubuta mai 16 a wancan, kuma ya matse tazararsu? Ba asarar ƙarfe ba ce?" Na yi maka shiru ne saboda mai ginin yana tsaye a bayanka, kuma kalmar asara yake jira ya ji. Yanzu zauna, ɗana.

Kai girman ɗaki ka duba, injiniya kuwa abin da ɗakin zai ɗauka ya duba. Kafin kowa ya taka dekin nan, wato kankaren da za a zuba ya zama daɓen ɗakunan sama, yana ɗauke da kansa. Kankare mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, kaurin mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 2,400 ne. Dekinmu kaurinsa santimita 15, ke nan kowace murabba'in mita kilo 360 ce. Ɗakin mita 4 da 4 ya kusa tan 6, ba a sa tayil ba, ba a yi filasta ba, ba a ɗora bulon sama ba. Wannan shi ne mataccen nauyi, don inda ka ajiye shi nan zai zauna har ginin ya tsufa. Lissafinsa ba wuya, kuma a nan ɗakunan biyu kunnen doki suka yi.

Inda suka rabu shi ne nauyi mai rai, wato mai shiga da fita: mutane, gadaje, kwabet, kayan amarya. A ƙa'idar Ingila da yawancin injiniyoyinmu suka yi karatu da ita, ɗakin zama ana ba shi kamar kilo 150 a murabba'in mita. Ya isa. To amma wancan ɗakin, mai ginin da bakinsa ya ce sito zai yi, hatsi zai riƙa ajiyewa da kaka. Buhun masara kilo 100 ne. Jera biyar a kan juna, ka tara rabin tan a wurin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba. Kuma ka san ɗan kasuwa, in farashi ya yi masa daɗi sai buhu ya taɓa silin. Shi ya sa injiniya ba ya tsayawa a kan abin da aka faɗa masa: mataccen nauyi yakan ninka shi sau 1.4, mai rai kuma sau 1.6, domin bulo ba ya canza ra'ayi, ɗan Adam yana canzawa.

Ka lura kuma a saman siton za a ɗora tanki. Ruwa yana ruɗin mutane, tunda a bokiti suka saba ganinsa. Lita 1,000 tan ɗaya ce cif. Tankin lita 5,000 in ya cika tan 5 ne a dunƙule wuri guda. Dubi zane za ka ga bim, wato dogon kankaren da ke kwance yana tallafe dekin, a ƙarƙashinsa, da fila biyu, wato ginshiƙai, da suka sauka kai tsaye zuwa fandisho. Nauyi ba ya ɓacewa, miƙa shi ake yi: dekin ya ba bim, bim ya ba fila, fila ta ba fandisho, fandisho ya ba ƙasa. In mai gini ya ce a matsar da tankin taku uku don ya fi kyan gani, ka ce masa sai injiniya ya zo.

Akwai nauyin da ba daga sama yake dannowa ba. Iskar farkon damina turo bango take yi daga gefe, ta shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. Ina yaro kamarka mun yi wani rufi, kafinta ya buga kwano da ƙusa a kan rafta, wato katakon rufi, tsaf, amma bai ɗaure raftar da bango ba. Hadarin farko, rufin ya tashi ɗungurungum kamar faifai, muka tsince shi a gonar maƙwabci, ƙusa ko ɗaya ba ta fita ba. Tun ranar ba na barin a rufe gini sai na ga rodin da aka bari a bim na sama an lanƙwasa shi ya rungumi katako.

Ruwan sama ma kaya ne in indararo ya toshe. Santimita 10 na ruwa a kwance kilo 100 ne a kowace murabba'in mita. Magina na da, masu azara da rufin ƙasa, sun san haka ba tare da biro ba, shi ya sa suke hawa soro su gyara indararo kafin ruwan fari. Dusar ƙanƙara kuwa matsalar Turawa ce. Girgizar ƙasa irin wadda ta rusa gidaje a Turkiyya a 2023 ba mu saba da ita ba, ko da yake ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018, don haka masu dogayen benaye ba sa raina ta. Mu abin da ya fi cin mu shi ne laka mai kumbura da damina, ta tsage da rani, tana wasa da fandisho.

Saura wanda mu da kanmu muke jawowa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Lebura zai ga dekin ya bushe a kwana uku, ya jibge bulo ɗari biyu a tsakiyarsa don ya huta da hawa da sauka, wani kuma ya zare gorar da ta tokare shi zai kai wani aiki. In ka ga haka ka hana, ko da ya girme ka, ka ce ni na ce.

Gobe kafin a fara zuba kankare, ɗauki tef ka hau siton ka auna tazarar rodin ɗaya bayan ɗaya. Na ga kamar layin da ke kusa da taga ya buɗe.